Shin zaren rama zai sa robar PLA ta ruɓe a cikin ƙasa? Amsa ga mai gandun renon itatuwa

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai gandun renon itatuwa a jihar Jigawa ya rubuto yana cewa: "Duk shekara muna cinye dubban baƙaƙen ledoji wajen renon dashe. Da an gama dasawa sai ledojin su cika gona, awaki na bi suna ci. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini samfurin tukunyar reno ta robar PLA da aka cakuɗa da zaren tsirrai, ya ce in dasa da ita gaba ɗaya, zaren zai sa ta ruɓe cikin 'yan makonni. Shin da gaske zare yana hanzarta ruɓewar roba? In haka ne, me zai hana mu yi amfani da ramar da muke nomawa?"

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan aiki na dashen itace. Maganar ɗan kasuwar nan tana da tushe, amma ya faɗi rabi ya bar rabi. Zaren tsirrai yana hanzarta shigar ruwa cikin roba, yana sa ta tsattsage da wuri, wannan babu musu. Abin da zare ba ya iya yi shi ne kawo zafi, ita kuwa PLA ba ta ruɓewa da sauri sai ruwa da zafi sun haɗu a kanta. In ka binne tukunyar nan a gonarka da fatan ta ɓace cikin makonni, ina tsoron badi za ka tone ta ka tarar da ita, ta yi rauni, ta yi ƙofofi, amma tana nan.

Bari in fara da yadda PLA take mutuwa, domin amsar duka tana rataye a nan. Ana yin ta ne daga sitacin masara ko sukarin rake. Ana tsima shi da bakteriya ya koma sinadarin laktik, wato shi dai wanda ke sa nono tsami, sannan a ɗaura ƙwayoyinsa dubbai a jere su zama doguwar sarƙa. Cikin manyan masu yin ta akwai kamfanin NatureWorks a jihar Nebraska ta Amurka da TotalEnergies Corbion a Rayong ta ƙasar Tailan. Da yake asalinta abinci ne, mutane na zaton ƙananan halittun cikin ƙasa za su afka mata nan take. Ba haka abin yake ba. Sarƙar ta yi musu tsawo, ba sa iya shigar da ita jikinsu. Sai ruwa ya fara shiga tsakanin sarƙoƙin ya dinga tsinka su, su gajarce, su ƙara gajarcewa, har su kai girman da bakteriya da funfuna za su iya ci su mayar da su ruwa da iskar kabon dayoksaid. Wannan matakin farko aikin sinadari ne zalla, kuma shi ne mai jan ƙafa.

Saurinsa kuwa ya dogara da zafi. PLA tana da wata iyaka tsakanin digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos. Ƙasa da wannan iyaka sarƙoƙin a daskare suke, a matse da juna, ruwa yana tsinka su amma a hankali ƙwarai, abin ya kan ɗauki shekaru. Da zafi ya kai iyakar sai su saki jiki, ruwa ya samu wurin kutsawa, aikin shekaru ya dawo na makonni. Dalilin ke nan da ya sa gwajin da ake yi wa irin wannan roba a ɗakin bincike ake yin sa a digiri 58. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13432, wadda aka fitar a shekarar 2000, ta ce kafin a kira abu mai zama taki dole bayan mako 12 a cikin taki mai zafi abin da zai rage a kan rariya mai ido milimita 2 kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma cikin wata 6 kashi 90 cikin 100 na kabon ɗinsa ya koma iska. Duk wannan a masana'antar taki ne, inda ake kula da zafi da danshi dare da rana. Tambarin da ka gani a jikin tukunya, in ma akwai shi, galibi wannan yanayin yake nufi, ba ramin dashe ba.

Na san za ka ce ai mu zafi ba baƙonmu ba ne. Gaskiya ne, a watan Afrilu da tsakar rana saman yashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yana iya wuce digiri 55. Sai dai a lokacin ƙasa a bushe take ƙamas, babu ruwan da zai yi tsinkan, ƙananan halittun ma sun kwanta. Da damina ta sauka aka samu danshi, zafin cikin rami inda saiwa take ba ya wuce digiri 30 da 'yan kai. A bazara zafi ba ruwa, a damina ruwa ba isasshen zafi. Yanayinmu ya raba wa PLA abubuwa biyun da take bukata a tare, kuma duk wanda zai sayar maka da ita ya kamata ya san haka.

To ina amfanin zare? PLA zalla ba ta shan ruwa sosai, abin da take sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Zaren tsirrai kuwa selulos ne, mai son ruwa. In aka cakuɗa shi a cikin roba yana aiki irin na lagwanin fitila: bakinsa da ya leƙo waje ya tsotsi danshi, ya ja shi zuwa can tsakiyar robar inda da ruwa zai daɗe bai kai ba. Zaren da ya sha ruwa yana kumbura, robar da ke kewaye da shi ba ta kumbura tare da shi, sai ta yi ƙananan tsaguwa. In ya bushe ya motse, ya bar rata tsakaninsa da robar. Jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, irin ta ban-ruwan safe da yamma a gandun reno, tana faɗaɗa waɗannan tsaguwa. Daga nan funfuna ta bi zaren tana cin sa, don shi abincinta ne tun fil'azal, ta bar ramuka marasa adadi. Idan ka karya irin wannan tukunya bayan ta yi wata biyu ko uku a danshi, ka duba bakin karayar da madubin ƙara girma, za ka ga zaren ya yi baƙi-baƙi, wani ya zare ya bar gurbinsa, robar kuma ta koma fari-fari mai gautsi. A cikin taki mai zafi wannan babbar riba ce, musamman ga abu mai kauri kamar cokali ko faranti ko tukunya, domin yawan fuskar da ruwa da ƙananan halittu ke taɓawa ya ninka.

Amma akwai inda zaren yake ja da baya, kuma masu talla ba sa ambaton sa. Lokacin da narkakkiyar PLA take hucewa, sarƙoƙinta kan jeru tsaf-tsaf a jikin zaren su yi ƙanƙara, wato su zama sashe mai tsari da ruwa ba ya ratsawa cikin sauƙi. Wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen ruɓewa. Saboda haka zare ɗaya yana buɗe wa ruwa hanya ta wani gefe, yana ƙara wa robar tauri ta wani gefen, kuma wanda ya rinjaya ya danganta da yadda aka sarrafa kayan. Shi ya sa sakamakon bincike a wannan fage ba ya zuwa iri ɗaya: wani haɗin ya fi PLA zalla saurin ruɓewa, wani kusan daidai suke. Kada ka manta, waɗanda suka fara fito da haɗin rama da PLA kasuwa ba ruɓewa suke nema ba. A 2003 kamfanin Toyota ya yi murfin tayar ko-ta-kwana na motarsa Raum da wannan haɗi, a 2006 kuma NEC ya yi gangar jikin wayar salula da shi a Japan. Sun zuba rama ne don robar ta ƙara ƙarfi ta jure zafi, ta yi shekaru tana aiki. Haɗin da aka yi don mota da haɗin da aka yi don taki sunansu ɗaya, halinsu ya sha bamban.

Bambancin yana cikin yadda aka shirya zaren. Injiniya mai neman ƙarfi yakan wanke zare da soda mai ƙuna, ya shafe shi da sinadarin silen don ya manne da roba gam. Mannewar nan tana toshe ratar da ruwa zai bi, ga ƙarfi an samu, ga ruɓewa ta yi jinkiri. Mai neman ruɓewa kuwa yana son zaren da bai manne sosai ba, sai dai tukunyarsa za ta fi saurin karyewa a hannu. Ba a samun biyun cikakku a lokaci ɗaya, dole a zaɓi inda za a tsaya.

Irin zaren ma yana da tasiri. Abin dubawa shi ne lignin, sinadarin da ke sa itace tauri. Ba ya son ruwa, kuma halittun da ke iya cin sa kaɗan ne, mafi yawa wasu nau'o'in funfuna ne masu ruɓar da kututture. Zaren ɓawon kwakwa yana da lignin sama da kashi 40 cikin 100, shi ya sa ake shimfiɗa tabarmarsa don tare zaizayar ƙasa ta yi shekaru. Wannan ba abokin tafiyarka ba ne. Ƙaiƙayin shinkafa ga shi jibge a Kura da Hadeja da Argungu, kusan kyauta, amma kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ce mai yawan silika, wato sinadarin yashi, ruɓewarsa a hankali take, yana kuma cinye haƙoran inji. Ɓawon rama, wanda ake jiƙawa a saɓule a tufka igiya da shi, yana da selulos mai yawa da lignin kaɗan, yana cikin mafi dacewa. Farin karan cikin rama ya fi ɓawon lignin, amma soso ne, yana shan ruwa fiye da kima, kuma sau da yawa zubar da shi ake yi ko a hura wuta. Ni a ganina ga tukunyar reno garin wannan karan ya cancanci a gwada shi kafin komai, tare da tuƙar rake da karan dawa. Tunaninka game da rama daidai ne, kuma abin takaici ne a ce tsiron da kakanninmu suka sani ciki da bai, Japan ce ta sa shi a mota mu kuwa muna kallon sa a matsayin ganyen kwaɗo da igiyar ɗaure akuya kawai.

In har wani zai haɗa kayan a nan gida, akwai tarko biyu. Na farko danshi. Zare yakan riƙe ruwa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ko da a ido ya bushe, ita kuwa PLA ana narka ta a wajen digiri 170 zuwa 200. In danshi ya shiga injin narkawa, tsinkan da ake so ya faru a cikin taki sai ya faru a cikin inji cikin mintuna, kaya su fito da kumfa suna karyewa. Dole a busar da zare da robar a tanda kafin a zuba. Hunturunmu yana taimakawa, amma bai isa shi kaɗai ba. Na biyu zafi: da an haura digiri 200 zaren ya fara ƙuna, kaya su yi duhu su yi ƙauri. In kuma an wanke zare da soda, a ɗauraye shi sosai, don ragowar soda tana cin PLA. Galibi ana zuba zare kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Ga abu mai kauri da ake zubawa a mazubi wannan yana tafiya. Ga siririyar leda kuwa zare matsala ne, sai an niƙa shi ya zama gari mai laushi, kuma duk da haka ledar takan yage.

Yanzu ga wurin da na fi so ka riƙe, domin nan ake yaudarar mutane, wani lokaci ma mai binciken yakan yaudari kansa. Farfashewa daban, ruɓewa daban. A ce tukunya tana da zare kashi 30 cikin 100, ka binne ta wata shida, ka tone ka auna ka ga ta rage nauyi da kashi 30. Za a ce maka ga shi tana ruɓewa. Alhali zaren ne kawai funfuna da gara suka cinye, robar kuwa ko gezau. Daga baya garma ta bi ta kanta, ta zama ɓarɓashi, ido ya daina ganin ta, amma tana cikin ƙasar da za a noma gero. Hujja ta gaskiya ita ce a auna iskar kabon da ke fita, a tabbatar daga robar take. A 2018 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich a Suwizalan sun yi haka da wata roba mai suna PBAT: sun yi mata alama da wani nau'in kabon mai nauyi, suka binne ta a ƙasar gona, suka gano wannan kabon ɗin a cikin iskar da ta fita da kuma a jikin ƙananan halittun. Irin wannan shaida ake nema, ba hoton tukunya da ta ragargaje ba.

Kuma ko kayan da ke ɗauke da tambari ba kullum suke cika alkawari ba. A 2019 jami'ar Plymouth ta Ingila ta wallafa sakamakon gwajin shekara 3, inda ledojin da aka rubuta musu cewa suna ruɓewa aka tone su daga ƙasa suna iya ɗaukar kayan cefane. Ledar da aka ce mai zama taki ce ta ɓace a ruwan teku cikin wata 3, amma a ƙasa tana nan bayan wata 27, sai dai ta yi rauni. A 2022 wani bincike na jami'ar UCL ta Landan, da aka yi da taimakon jama'a a gidajensu, ya nuna kashi 60 cikin 100 na kayan da aka ba wa shaidar ruɓewa a takin gida ba su gama ruɓewa ba. Ka kuma kiyayi ledar polietilin, irin ta fiya-wata da baƙar ledarka ta yanzu, da aka zuba wa sitaci ko garin zare ko sinadarin da ke sa ta marmashe a rana. Zuba zare a polietilin ba ya mayar da ita taki har abada. Tarayyar Turai ta haramta irin masu marmashewar nan tun daga Yulin 2021, kuma abin da aka hana a can yakan nemi kasuwa a wajenmu.

Da ni ne kai, ga yadda zan bi. In tukunyar za ta shiga ƙasa tare da dashe, PLA ba ita ce robar da ta dace ba, da zare ko ba zare. Robar PHA, wadda bakteriya ke tarawa a jikinsu, tana ruɓewa a ƙasa mai danshi ba sai da zafin masana'anta ba, sai dai tana da tsada. Haɗin PBAT da sitaci shi ake yin ledar rufe kunyar gona mai ruɓewa da shi a Turai da Sin, kuma ƙa'idarsa ta daban ce, EN 17033 ta 2018, wadda ta ba da har shekara 2 don kashi 90 cikin 100 ya ruɓe a ƙasa. Lura, shekara 2, ba makonni ba. Rana mai tsanani kuma tana sa sarƙoƙin PBAT su sarƙe da juna, abin da ke rage saurin ruɓewarta, don haka kada a jibge ta a fili. A cikin waɗannan robobi ne zare yake nuna amfaninsa na gaske, saboda robar da kanta tana ciyuwa a zafin ƙasa, zaren ya ƙara mata gudu, ya kuma rage kuɗi.

Abin da ya fi wannan a wurina shi ne a juya lissafin. Maimakon roba mai ɗan zare, a yi tukunyar zare mai ɗan abin ɗauri. A jihar Konetikat ta Amurka akwai masu kiwon shanu da ke matse zaren kashin shanu su yi tukwanen reno da shi, suna sayarwa da sunan CowPots. Mu da muke da kashin shanu da karan rama da tsohuwar takarda da ƙaro da sitacin rogo ba mu rasa kayan farawa ba. Wahalar ita ce dashen itace yakan yi wata 3 zuwa 6 a gandu ana ba shi ruwa kullum, tukunyar zare zalla kan rushe kafin ranar dasawa. A nan ne siririn shafe na roba mai ruɓewa ko ɗan kaso kaɗan a cikin haɗin zai yi amfani. Wannan aiki ne da ɗaliban kimiyyar sinadarai da na gandun daji a jami'o'inmu za su iya yi da kayan da ke hannunsu, kuma ya fi yawancin ayyukan kammala karatu da ake ajiyewa a kanta amfani.

Kafin ka sayi ko da katan ɗaya, nemi ɗan kasuwar ya ba ka sunan robar, da kason zaren, da takardar shaidar da ta nuna a ina aka gwada ta: a takin masana'anta, a takin gida, ko a ƙasa. Shaidar kuma tana da iyakar kauri, wadda aka ba siririyar leda ba ta rufe tukunya mai kaurin milimita 2. Sannan ka yi naka gwajin. Yanka samfurin gida-gida, ka busar, ka auna kowanne a sikelin masu sayar da zinare. Ɗinka kowane yanki a cikin ƙyallen tsohon gidan sauro don kada ɓarɓashi ya ɓace. Binne wasu a ramin dashe da ake ba ruwa, wasu a tsakiyar tarin taki. A kowane wuri haɗa da yankin kwali da yankin baƙar ledarka: in kwalin bai ruɓe ba, wurin ne ba shi da rai, ba laifin samfurin ba. Duk wata ka tone ɗaya, ka wanke, ka busar, ka auna. In raguwar nauyi ta tsaya cak daidai da kason zaren, ka samu amsarka. A ƙarshe ka shuka tumatir ko yakuwa a takin da samfurin ya ruɓe a ciki, ka kwatanta tsirowarsu da ta takin da ba a sa komai ba.

Tarin takin da zai ci PLA sai ya kai aƙalla mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a jera kashin shanu ɗanye da kara da ɗanyen ganye, a jiƙa shi yadda in ka dunƙula a hannu ka matse ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. A rufe shi da zana ko buhuna saboda iskar rani, a juya shi duk mako, a mayar da na gefe tsakiya. Tarin da aka kula da shi haka yana kai digiri 55 zuwa 65 a cikinsa, kuma ma'aunin zafi mai dogon tsinke zai nuna maka. Kwanakin da ya yi a wannan zafi su ne ke aiki a kan robar, don haka in ya huce a ƙara ɗanyen kashi a sake juyawa.

Samfurin da ke hannunka kuwa, in ka yi reno a cikinsa, kada ka dasa da shi a rufe. Gawo da bagaruwa da darbejiya suna tura doguwar saiwa ƙasa tun suna ƙanana. In ta ci karo da gindin tukunyar da bai buɗe ba sai ta naɗe a ciki, itacen ya tsumbure, rani na farko ya kashe shi. Yanke gindin, ka tsaga gefen daga sama har ƙasa, ka zare tukunyar, ka tara su a buhu ka kai tsakiyar tarin taki.